Sauke filasha daga kan kyamara: ta ina ake farawa?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyan gida, barkanmu da warhaka. Ina neman a ɗora ni a hanya. Kyamarar da ke hannuna Canon 250D ce da lensi 50mm. Ina so in daina ɗora filasha a saman kyamara, in koma ajiye ta a gefe kamar yadda ake yi a hoton ango da amarya. Me ake fara saya, kuma da wane saiti ake farawa? Aljihun ba nauyi, a faɗa mini abin da ya zama dole kawai.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abu biyar ne, kada mai shago ya kai ka ga na shida tukuna. Filasha ɗaya mai rediyo a cikinta, tiriga, wato na'urar da ke aika wa filasha saƙon tashi, da za ta zauna a saman kyamara, sandar fitila da ta kai tsawon mita 2 ko fiye, maƙalin da ke riƙe filasha da lema a kan sandar, sai farar lema wadda haske ke ratsawa, inci 33 ko 43. A filasha, Godox TT600 ta isa ɗan koyo. Batir huɗu ƙanana take ci, ƙarfinta daga 1/1, wato cikakken ƙarfi, zuwa 1/128, kuma na'urar karɓar saƙo tana cikinta, ba sai ka maƙala mata wani abu a gindi ba. Tirigarta X2T ko XPro, amma ka duba harafin ƙarshe: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fuji. Ita TT600 ba ruwanta da irin kyamara, tirigar ce mai zaɓe.

Dalilin duk wannan wahala ɗaya ne. Hasken da ya fito daga saman kyamara layi ɗaya yake bi da lensi, sai ya share duk inuwar da ke nuna tudu da kwarin fuska. Fuska ta baje kamar faifai, goshi na ƙyalli, ga baƙar inuwa manne a bango. Da ka matsar da hasken gefe, hanci da kumatu da haɓa kowa zai dawo wurinsa.

Mai Gyaran Kyamara:
Kafin ya biya kuɗi, a tsaya. Sabon Hannu, leƙa mazaunin filasha da ke saman kyamararka. A yawancin kyamarori akwai babban ɗigon ƙarfe a tsakiya, shi ne ke ba da umarnin tashi. Canon sun cire shi a 250D da 4000D da 2000D na farko. Ma'ana tiriga mai fil ɗaya tal, irin masu arha, ba za ta taɓa tayar da filasha a kanta ba, ko ka kwana kana danne-danne. Sai tiriga mai cikakkun filoli na Canon, kuma wasu sai an sabunta musu manhaja ta kwamfuta. Ka tafi shago da kyamararka, a ɗora, a danna, ka ga haske da idonka.

Sabon Hannu:
Na duba yanzu, lallai babu na tsakiyar. Allah ya saka da alheri Oga, da na yi asara.

Mai Hoton Biki:
Ni ban yarda a fara da TT600 ba. Ba ta da TTL, wato tsarin da kyamara ke auna ƙarfin filasha da kanta. Wanda zai shiga biki, amarya na tafe, ƙawaye na ture juna, ina lokacin lissafin 1/8 da 1/16? Ya ƙara kuɗi ya sayi TT685 ko V860, kyamara ta riƙa auna masa.

Tsohon Hannu:
Malam, maganarka tana kan hanya idan filasha na bisa kyamara kana yawo da ita, domin nisanka da mutum yana canzawa kowane taku. Amma filashar da ke kan sanda ba ta motsi. Muddin mutum yana tsaye a wuri ɗaya, nisan bai canza ba, hasken da ake buƙata ma bai canza ba. TTL kuwa kafin kowane hoto sai ta harba ɗan ƙaramin haske ta auna abin da ya dawo. Ango ya shigo da farar shadda, ta ga fari ya yi yawa, ta rage ƙarfi, fuska ta yi duhu. Abokinsa ya shigo da baƙar kaftani, ta ƙara, fuska ta ƙone. Hoto goma, haske iri goma, ka zauna gyara har dare. Da saitin hannu, na farko da na ɗari duk ɗaya.

Mai Hoton Biki:
To ai XPro tana da maɓallin TCM. Ka harba ɗaya da TTL, ka danne shi, ta mayar maka da abin da ta auna zuwa saitin hannu. Ka samu sauri, ka samu daidaito.

Tsohon Hannu:
Wannan gaskiya ne, kuma yana da amfani ga wanda ya riga ya san abin da lambobin ke nufi. Wanda bai sani ba, ranar da hoto ya lalace ba zai gane ta ina ɓarnar ta shigo ba.

Hajiya Mai Studiyo:
Ku bar gardamar saye, ku ba yaro saiti. Sabon Hannu, riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya: duk hoton filasha hoto biyu ne a haɗe. Akwai hasken wurin, wato rana ko ƙwan ɗaki, akwai hasken filasha. Kowanne da linzaminsa.

Saurin shota hasken wuri kaɗai yake taɓawa. Walƙiyar filasha gajera ce ƙwarai, a ƙaramin ƙarfi ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, saboda haka ko shota tana 1/60 ko 1/200 duk walƙiyar ta riga ta shige ciki. Ƙarfin filasha da nisanta kuwa hasken filasha kaɗai suke taɓawa. Buɗewar lensi, wato lambar f, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, su ne ke taɓa duka biyun.

Ga yadda za ka yi a ɗaki. Kashe tiriga tukuna. Sa kyamara a M, wato saitin hannu, ISO 200, f/5.6, shota 1/200. Ɗauki hoto. Ya kamata ya fito duhu ko kusa da duhu, wato ka kore hasken ɗakin ke nan. Yanzu kunna tiriga, sa filasha a 1/8, zum ɗinta, wato faɗin hasken da take fitarwa, a 35mm don ta cika lema, lemar tana mita ɗaya da rabi daga fuska. Ɗauka. Idan fuska ta yi duhu, koma 1/4. Idan ta yi haske da yawa, 1/16. Kada ka taɓa komai a kyamara sai fuska ta zauna. Bayan nan ne za ka sauke shota zuwa 1/100, 1/60, 1/30, ka ga yadda bayan hoton ke buɗewa a hankali alhali fuska tana nan yadda take. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ya gama rabin karatu.

Sabon Hannu:
Hajiya na gode. Me ya sa 1/200? Ba zan iya zuwa 1/1000 don ɗakin ya ƙara duhu ba?

Mai Gyaran Kyamara:
Gwada 1/400 ka gani, kusan rabin hoton zai fito baƙi ƙirin. Shota labule biyu ce a gaban sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton. Na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. Har zuwa 1/200 a taka kyamarar, akwai lokacin da na farko ya gama buɗewa na biyu bai taso ba, sensa tana buɗe gaba ɗaya, a nan filasha ke tashi. Da ka wuce haka, na biyu yana tasowa tun na farko bai kai ƙarshe ba, sai ya zama tsaga ce kawai ke ratsa sensa. Walƙiya ta tashi, ta haska tsagar, sauran yana bayan labule. Iyakar ta bambanta: Canon 6D 1/180, Nikon D750 1/200, Sony A7 III 1/250. Kuma da wasu tirigogi masu arha saƙon kan ɗan makara, sai ka ga siririn baƙi a gefen hoto ko a 1/200. Sauka 1/160 ya tafi.

Ɗan Zariya:
A yi masa bayanin mataki, don kowa sai cewa yake ƙara mataki ɗaya. Mataki ɗaya shi ne ninka haske sau biyu ko raba shi biyu. Daga 1/8 zuwa 1/4 mataki ɗaya. Daga ISO 200 zuwa 400 mataki ɗaya. A lensi jerin shi ne 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane tsalle mataki ɗaya. Idan ka rufe lensi daga f/5.6 zuwa f/8 don mutum biyu su fito tar, ka ci bashin mataki ɗaya, sai ka biya shi ta filasha ko ta ISO.

Tsohon Hannu:
Kuma wannan jerin lambobin yana aiki a nisa, abin da mutane da yawa ba su lura ba. Fitila daga mita 1 zuwa 1.4, ka rasa mataki ɗaya. Zuwa mita 2, mataki biyu, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai ke isowa. Zuwa 2.8, uku. Zuwa mita 4, huɗu. Ninka nisa ba rabin haske yake bari ba, kwata yake bari.

Amfaninsa biyu. Na farko, bango. Sa fitila mita 1 daga fuska, bango kuma mita 4 daga fitilar: bangon ya yi ƙasa da fuska da mataki huɗu, farin fenti ya koma toka mai duhu ba tare da ka sayi labule ba. Jingina mutum da bango kuwa shi ke kawo inuwar nan mai muni a bayan kunne. Janye shi aƙalla mita 2.

Na biyu, hoton dangi. Layin gaba yana mita ɗaya da rabi daga fitila, layin baya yana mita 3, bambanci mataki biyu: na gaba sun ƙone, na baya sun nutse. Ja fitila baya zuwa mita 6, na baya suna 7 da rabi, bambancin bai kai mataki ɗaya ba. Sai dai ka biya da ƙarfi, za ka kai 1/2 ko 1/1 da ISO 800, kuma ka ɗaga sandar sosai don kan na gaba kada ya jefa inuwa a fuskar na baya.

Sabon Hannu:
Wato kusa ya fi ƙarfi, nesa ya fi daidaito. To ina ake tsayar da sandar?

Hajiya Mai Studiyo:
Fara da kusurwa 45 daga kyamara, dama ko hagu, tsakiyar lema ta ɗan fi kan mutum tsawo, tana kallon ƙasa zuwa fuska. Kada ka auna da ma'auni, inuwar hanci ce ma'auninka. Idan ƙarama ce ta ɗan gangaro gefe ba ta taɓa leɓe ba, ka samu wanda ke yi wa kusan kowace fuska kyau. Idan ta miƙe ta haɗe da inuwar kumatu, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido, wannan ya fi nauyi, ya fi dacewa da dattijo ko hoton maza. Idan inuwar ta haura sama, fitila ta yi ƙasa da yawa, hoton zai yi kama da mai ba da labarin aljanu da tocila a haɓa.

Sai ka duba ƙwayar ido. Dole a ga ɗigon haske a cikinta, a sama, wajen ƙarfe 10 ko ƙarfe 2 na agogo. Babu ɗigo, fitila ta yi sama da yawa, ido ya mutu. Wannan yana yawan faruwa da mai rawani ko amaryar da aka yi wa babban ɗauri da ya fito gaba, domin ɗaurin yana tare hasken. Sauke sandar kamar tafin hannu biyu, ko ta ɗan ɗaga haɓa.

Mai Hoton Biki:
Hajiya, lema dai ni ban ga amfaninta ba in akwai sofbos, akwatin ƙyallen nan da ke tura haske gaba kawai. Lema watsa haske take ko'ina, bango ya samu, silin ya samu, ba ka da iko da komai.

Hajiya Mai Studiyo:
Watsawar ce rahamarta ga mai koyo, Malam. Ko bai saita daidai ba, haske zai samu fuska. Ga arha, ga buɗewa cikin daƙiƙa biyu. Amma na yarda da kai a wuri biyu: ƙaramin ɗaki mai fenti kore ko ruwan hoda, inda hasken da ya watsu zai ɗebo launin bango ya shafa wa fata, da kuma inda ake son baya ya yi duhu. A nan sofbos mai kusurwa takwas na santimita 80 ko 90 ya fi. In zai saya daga baya, ya nemi maƙalin S2 mai bakin Bowens, domin yana ɗaukar lema, yana ɗaukar sofbos, kuma jikin filasha yake riƙewa, ba siririyar ƙafarta ba, wadda ita ce ke fara karyewa in sanda ta faɗi.

Ɗan Zariya:
Abin da ke sa haske laushi ba farin ƙyalle ba ne, girma ne idan an gwada da mutum. Lema mai faɗin mita 1 a nisan mita 1 babba ce, bakin inuwa ya narke. Ita ɗin dai a nisan mita 5 ta zama ƙarama, inuwa ta yi kaifi. Shi ya sa ɗan farin murfin roba da ake kifa wa kan filasha ba ya tausasa komai a fili, batir kawai yake ci. A matso da lema har sai ta kusa shiga hoto, sannan a ja ta baya kaɗan.

Tsohon Hannu:
Tunda fatarmu ce za a ɗauka, a ƙara wannan. Baƙar fata tana nuna siffarta ne ta ƙyallin da take mayarwa, kamar madubi mai duhu. Ƙaramin haske yana barin ɗigo fari mai zafi a goshi da kan hanci. Babban haske na kusa yana shimfiɗa ƙyallin ya zama sheƙi mai faɗi, shi ne kyan da ake nema. Kuskuren da ake yi shi ne ƙara ƙarfi wai don mutum ya yi haske, sai fata ta koma toka, farar riga ta ƙone har ba a ganin aikin wuya. Kunna gargaɗin ƙonewa a kyamara, wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙifta baƙi. Idan shadda na ƙiftawa fuska kuma ba ta ƙoshi ba, kada ka ƙara ƙarfi. Ɗaga lemar, ka karkatar da ita yadda tsakiyar hasken zai bugi fuska, gefensa mai rauni ya sauka a ƙirji. Sai farin kwali ko allon mayar da haske a ɗaya gefen, kamar rabin mita daga kumatu, ya cike inuwa. A tanadi tishu a goge gumi kafin kowane zagaye, ya fi awa guda a kwamfuta.

Sabon Hannu:
Baba, idan mai tabarau ne fa? Lema takan fito a gilashin.

Tsohon Hannu:
Haske yana tashi daga gilashi da kusurwar da ya sauka. Ka canza kusurwar kawai. Ɗaga fitila sama, ko ka ƙara matsar da ita gefe, ko mutum ya ɗan sunkuyar da haɓa, ko a ɗaga hannuwan tabarau kaɗan daga kan kunne don gilashin ya kalli ƙasa. Ɗaya daga ciki zai yi.

Mai Hoton Biki:
Mu fita waje yanzu, don nan ne ƙaramar filasha ke jin kunya. Da tsakar rana, ISO 100 da 1/200, sai ka rufe wajen f/11 kafin sama ta daina ƙonewa. Lambar ƙarfin filasha, 60, da ake bugawa a kwalin TT600 kada ta ruɗe ku, a zum 200mm aka auna ta. A 35mm tana wajen 36. Raba 36 da 11, ka samu mita 3 da ɗoriya: nan ne iyakar inda filasha tsirara, a cikakken ƙarfi, za ta yi kafaɗa da rana. Sa mata lema, ta cinye kusan mataki biyu, ka dawo mita ɗaya da rabi. Ka so sama ta ƙara duhu, ka rufe f/16, lema ta fita daga lissafi. Wanda zai riƙa aikin rana ya tara kuɗin babbar filasha Godox AD200. Ƙarfinta 200, ƙaramar filasha irin Godox V1 kuwa 76 a ma'auni ɗaya, kusan mataki ɗaya da rabi ke nan a tsakani.

Hajiya Mai Studiyo:
Ko ya daina faɗa da rana. Juya mutum rana ta koma bayansa, ta zana haske a kafaɗa da gefen mayafi, filasha ta cike fuska daga gaba. Fitila biyu ke nan, ɗaya kyauta. Ko a shiga inuwar bishiya ko ta gini, ko a jira bayan la'asar sakaliya. Dab da magariba 1/8 ma tana isa, sama ta yi shuɗi mai zurfi idan ka auna ta ka rage mataki ɗaya.

Ɗan Zariya:
Ai akwai HSS, tsarin da ke barin filasha ta yi aiki ko shota ta wuce iyakar 1/200. TT600 tana yi idan tirigar Godox ce ke tuƙa ta. Ka tafi 1/4000 a f/2, baya ya narke.

Mai Gyaran Kyamara:
Tana yi, amma ka san kuɗin da ake biya. A HSS filasha ba walƙiya ɗaya take yi ba, ƙifce-ƙifce take jerawa da sauri tun tsagar nan ta fara ratsa sensa har ta gama. Yawancin hasken a bayan labule yake faɗuwa. Da ka tsallaka iyaka ka yi asarar mataki ɗaya zuwa biyu, batir na gudu, kan filasha na zafi. Bai ƙara maka ƙarfi a kan rana ba, ragewa ya yi.

Ɗan Zariya:
To ta yaya za a samu f/4 da rana ba HSS?

Mai Gyaran Kyamara:
Baƙin gilashi na gaban lensi, ND8, mai rage mataki uku. Kana f/11 a 1/200, ka ɗaura shi: 8, 5.6, 4. Ka sauka f/4 shota ba ta motsa ba. Ya rage rana da filasha daidai wa daida, saboda haka abin da filasha ke iya yi a f/11 shi take yi yanzu, ba asara. Illarsa, a kyamara mai madubi irin 250D abin leƙawa zai yi duhu, kuma neman fokas kan yi jinkiri in haske ya ragu. Ka sayi wanda ya dace da bakin lensinka, lambar tana rubuce a gaban lensi ko cikin murfi, 49 a Canon 50mm f/1.8 STM.

Ɗan Zariya:
Na karɓa rabi. Mai gudu ko yara masu tsalle da rana, 1/200 ba za ta tsayar da su ba, dole HSS.

Mai Gyaran Kyamara:
A nan kam naka ne.

Tsohon Hannu:
Duk wanda zai buɗe lema a waje ya tuna iska. Lema a kan sanda tanti ce mai jiran tashi, musamman da hunturu. Jakar yashi mai kilo 5 a ƙafa, ko ka rataya jakar kyamara a gindin sandar, kuma ƙafa ɗaya ta kalli inda lemar ta karkata. Mafi aminci yaro ya riƙe. Wani abin daɗi da hazo: filashar saman kyamara tana haska ƙurar da ke dab da lensi, hoto ya cika da fararen ƙwallaye. Da ta koma gefe, yawancinsu sun ɓace.

Sabon Hannu:
Na aro tiriga da filasha na gwada, wani lokaci ta tashi, wani lokaci shiru. Me ke kawo haka?

Mai Gyaran Kyamara:
Bi su ɗaya bayan ɗaya. CH, wato tashar rediyo, a tiriga da filasha lamba ɗaya ce? Rukuni fa, in filasha na A, a tiriga A ɗin a kunne take ko an bar ta a kashe? Filashar tana yanayin karɓar rediyo, ba S1 ko S2 masu jiran ganin walƙiyar wata filasha ba? Tirigar ta shige mazauninta har ƙarshe an ɗaure? Rabin milimita ya isa filoli su kauce. Danna maɓallin gwaji a tiriga: in filasha ta tashi, matsalar tsakanin kyamara da tiriga take, in ba ta tashi ba, tsakanin tiriga da filasha.

In tana tashi tana tsallakewa, yawanci ba ta gama cika ba ne ka danna. A 1/1 tana bukatar wajen daƙiƙa biyu da rabi da batir masu caji, da batir na kanti ya fi haka, kuma yana ƙaruwa suna raunana. Nemi masu caji irin Eneloop, saiti biyu, kada ka gauraya tsoho da sabo. In za ka ajiye filasha ta kwana biyu, cire batir na kanti, suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Takardar TT600 ta ce kada a wuce harbi 30 a jere a cikakken ƙarfi, in an kai a huta minti 10, in ba haka ba kariyar zafi za ta shiga ta riƙa jinkiri. Maganinsa ɗaga ISO zuwa 400 ka zauna a 1/4.

Saura biyu da ke ruɗa mutane. Filasha tana barci in an daɗe ba a harba ba, kashe wannan a saitinta. Kuma in tiriga ta yi kusa da filasha sosai, ƙasa da mita 1, saƙon kan ƙi shiga, a X2T akwai zaɓin 0-30m don haka.

Hajiya Mai Studiyo:
Masu kyamara mara madubi su ƙara biyu. Shota mai shiru a yawancinsu tana hana filasha tashi, a koma ta inji. Kuma in allo ya yi baƙi ba ka ganin mutum saboda ka kore hasken ɗaki, a Sony sa Setting Effect OFF, a Canon kashe Exposure simulation.

Mai Hoton Biki:
A zauren biki kuma, kada ka kuskura ka dogara da S1. Ido ne ke ganin walƙiya ya tashi, saboda haka duk mai filasha a wurin zai riƙa harba taka, batir ya ƙare kafin a shigo da amarya. S2 tana tsallake ɗan hasken awo na TTL ne kawai, ita ma kowa na iya tayar da ita. Ko a rediyo, masu hoto da yawa Godox suke riƙe kuma sukan bar ta a CH 1. Canza tasha, ka sa lambar ID daga 01 zuwa 99 in kayanka duka suna da ita, in ɗaya ba shi da ita bar ta a kashe a duka.

Launi ma a kula. A ma'aunin launin haske, filasha tana wajen 5600K, kamar hasken rana. Ƙwai masu ruwan ɗorawa suna wajen 3000 zuwa 3200K. In ka bar hasken zaure ya shigo, fuska fara, baya jajir. Manna ledar CTO mai ruwan lemo a kan filasha, ka sa kyamara a 3200K, duka su daidaita. In zauren fitilu masu launi ne ke juyawa, ja da shuɗi da kore, ba ledar da za ta yi, ka kai shota 1/200 ka rage su, filasha ta mallaki fuska. Kuma wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, in ƙwan LED masu arha suna sa hasken baya ya riƙa canzawa daga hoto zuwa hoto, 1/50 ko 1/100 sun fi zama lafiya.

Mai Gyaran Kyamara:
Gargaɗi ɗaya ga masu tsintar tsofaffin filasha a gwanjo. Wasu na zamanin fim, irin tsofaffin Vivitar 283, wutar da ke ƙafarsu kan haura volt 200. Kada a ɗora su a kyamarar zamani ko a kan na'urar karɓar saƙo sai an auna da mita. Kuma kada kowa ya kwance filasha da sukundireba don ta ƙi tashi, akwai ma'ajin wuta a ciki mai riƙe wajen volt 300 ko an cire batir.

Sabon Hannu:
Allah ya ƙara ilimi. Yaushe zan ƙara ta biyu?

Hajiya Mai Studiyo:
Sai ranar da za ka kalli hoto ka faɗi inda fitilar take da ƙarfin da aka sa ba tare da an gaya maka ba. Kafin nan ga aikin mako guda: zaunar da mutum ɗaya a kujera, kyamara a wuri ɗaya, ka zagaya da sandar daga gaba zuwa kusurwa 45, zuwa gefe sosai, zuwa baya, hoto ɗaya a kowane wuri. Maimaita a nisan mita 1, 2 da 3, kana gyara ƙarfi. Rubuta saitin kowanne a takarda.

Tsohon Hannu:
In lokacin ya yi, ta biyu a rukunin B, tsirara, a bayan mutum ta ɓangaren da ke kallon ta farko, sama da kai, zum 70mm ko 105mm don kada ta watsu. Fara da 1/64. Aikinta ta raba baƙin gashi ko baƙar hula da duhun baya. Kunna ta ita kaɗai ka saita, sannan ka kunna A. In ka ga hoto ya yi hazo-hazo, tana leƙa lensi ne, ɗaure mata baƙin kwali a gefe da roba.

Sabon Hannu:
Na yi gwajin Hajiya yanzu da ƙanena. ISO 200, f/5.6, 1/200, filasha 1/8. Fuska ta yi kyau, amma ɓangaren inuwa ya yi baƙi sosai, kunne ɗaya ya ɓace.

Hajiya Mai Studiyo:
Sandar ta yi gefe da yawa. Dawo da ita wajen kyamara taku ɗaya, ka sa farin kwali a ɓangaren kunnen. In bai isa ba, sauke shota zuwa 1/80 hasken ɗakin ya ɗan shigo. Kada ka taɓa 1/8 ɗin. Turo mana mu gani.